Rijiya Ɗaya, Kakanni Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na ɗauki kaina malamin fada. Na ji a wajen karatu cewa malaman dā kan rubuta wa sarki tarihin gidansu, sarki ya riƙe su. In Mai, wato sarkin Borno, bai kula ba, su naɗe tabarma su nufi fadar abokin hamayyarsa. Ni kuwa zaure kawai nake nema na koyar da manya karatu, don mai gidan da nake haya a unguwar Bulumkutu ya ce in tashi.

Sarakunan da na samu su biyu ne: Bulama Kyari, mai unguwarmu, da Alhaji Modu, dillalin busasshen kifi a Baga Road. Shekara da shekaru ba sa ga-maciji a kan kakan wa ya fara haƙa rijiya a unguwar. Na zauna na rubuta tarihi shafi goma sha biyu (Allah Ya yafe mini, rabi daga bakin mai shayi na ji). Na buga kwafi biyu. A na Bulama, kakansa ya haƙa. A na Alhaji, nasa kakan. Kowa na kai wa, na durƙusa, ya sa mini albarka.

Abin da ban lissafa ba shi ne ta'aziyya. Limaminmu ya rasu, aka zaunar da su a tabarma ɗaya, ni ma ina wurin. Bayan addu'a Bulama ya zaro takardarsa daga aljihu.

"Modu, yau magana ta ƙare. Malami ya rubuta."

"Wane malamin? Wancan mai ɓuya bayan buta?" Alhaji ya zaro tasa takardar.

Aka ce in zo in karanta, duka biyun, da ƙarfi. Na fara karantawa. Da na kai wajen rijiya a takarda ta biyu, wani tsoho ya ce, "Malam, ci gaba, wataƙila nawa kakan ma yana ciki."

Bulama ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Modu, yaron nan maƙaryaci ne."

"Wallahi, Kyari, yau ka faɗi gaskiya."

Ran nan suka fara yarda da juna a kan abu ɗaya, kuma ni ne abin. Bulama ya ba ni zauren, Alhaji ya sa tabarmi, da sharaɗin in koyar da komai ban da tarihi.

Na tuba. Mai son yi wa sarki biyu hidima, ya fara tabbatarwa ba sa zuwa ta'aziyya ɗaya.