Ranar da Na Shayar da Unguwa Ruwa

Ba zan ɗora wa Shaiɗan laifi ba, don a ɗaure yake, azumi ake yi. Ni da ƙafata na shiga kasuwar Dutse da kuɗin ɗinkin salla, na ce a ba ni sifikokin da suka fi ƙara. Mai shago ya nuna min ƙanana, daidai falona. Na ce, "Malam, sinima zan haɗa a gida, ba rediyon mai shayi ba."

Da yamma, hadari ya rufe rana, na jona su da talabijin, na sa fim, na ƙure ƙarar. Ashe akwai kiran salla a cikin fim ɗin.

Unguwa ta ɗauka ladanmu ne. Maƙwabcina, Alhaji Sule, ya kai dabino baki, ya bi da kunu. Matata ma ta sha, har tana leƙowa tana yi min barka da shan ruwa. Sai can aka yi kiran gaskiya.

Bayan Ƙaramar Salla, rabin layinmu suka rama azumi.

Har yau, ko da safe muka haɗu, sai Alhaji ya dubi sama ya ce, "Ladan, mu sha ko mu jira?"