Sabis ɗin da Na Yi wa Gogen Madam Ladi

Shekarar da soja suka koma bariki, maƙwabciyata a Barnawa, Madam Ladi, malamar gogen Turawa, tana shirin wasa a cocinmu. Sabon kiɗa take yi, mai ƙara kamar ƙofa mai tsatsa. Ni kuwa makanike ne a matatar mai, ba na jin abu na kuka in ƙyale shi. Da ta ba ni ajiyar gogen, sai na shafe tsirkiyoyinsa da man keke.

Ranar wasan, ta hau dandamali, ta goga, ta sake gogawa. Tsit! Jama'a suka ɗauka salon ke nan, suka tafa.

Da ta sauko ta ce, "Oga Injiniya, me ka yi wa gogena?"

"Sabis, Madam."

Har yau, in jariri ya tsala kuka a layinmu, sai ka ji, "A kira Injiniya da man kekensa!"