Jikan Masu Rufi a Ƙarƙashin Yoyo

Shekaranjiya ɗigon ruwa ne ya tashe ni, daidai tsakar goshi. Gidan hukuma muke haya ni da matata Doreen, kuma tun shigowar sanyi rufin ke yoyo. Danshi ya kama mata ƙirji, tari take kamar za ta shiɗe. Gaskiya tsoro nake ji.

Na buga wa Masu Girma na kwamitin gidajen hukuma waya. Wata murya mai zaƙi ta ɗauka.

"Kafin komai, wane laƙabi za mu sa maka? Mista, Dokta, ko Miks, sabon nan da ba ya nuna namiji ko mace?"

"Sa mini Jiƙaƙƙe. Baiwar Allah, rufina fa!"

"Sunan zuri'a?"

"Slater."

"Kai, madalla! Ka san kakanninka masu rufin gidaje ne? Daga sana'ar sunan ya fito. Ran Asabar muna bikin Asalin Sunaye a zauren gari, har da shayi da kek."

"To, masu gyaran rufin fa?"

"Ayya, bana ba a ware musu komai ba."

Ran Iyayen Kwamiti ya daɗe! Sun tono mini kakan kakan kakana daga kabari, amma ramin da ke saman gadona ya fi ƙarfin idonsu.

Na kai kukana wurin Robin, katangarmu ɗaya.

"Ni shekaru na yi ina roƙo su kira ni Miks," in ji Robin. "Na samu, kuma na ji daɗi, ba ƙarya. Yanzu in za su ce mini babu, da ladabi suke faɗa. Tashi, tsoho, ina da tsani."

Na hau, Robin na riƙe da tsanin, na toshe ramin da guntun kwano. Doreen ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Yau da sassafe sai ga Babban Mai Kiyaye Ƙa'ida a ƙofa da yaransa, mutumin da ko inuwarsa ba mu taɓa gani ba.

"Mista Slater, ɗan haya ba ya taɓa rufin hukuma. Za mu cire abin da ka liƙa, a sa ka a layin gyara."

Suka cire kuwa, cikin hanzarin da ya cancanci lambar yabo. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Doreen ta gama tarinta, ta ɗaga murya daga ɗaki:

"Clive, ka bar baƙi haka? Dafa musu shayi mana. Ɗebi na bokitin nan da yoyon ya cika, ai ruwan hukuma ne."