Cikin Nagasoe-sensei

Duk wanda ya san harkar saka murya a finafinan zane a Tokyo ya san Nagasoe Tatsunoshin, wanda kuma bai san shi ba, shi da kansa zai tare shi a tashar jirgin ƙasa ya gyara masa wannan jahilcin. Mutum ne da aka yi wa baiwar maƙogwaro. Idan ya nemi shayi a kanti, sai mai kantin ya ji kamar an yanke masa hukunci. Rani da damina wuyansa naɗe yake da gyalen siliki, don a cewarsa wannan wuyan dukiyar ƙasa ce, shi ajiya kawai aka ba shi. Yaran sana'a suna ce masa Sensei, wato Malam, a gaban idonsa, in ya juya baya kuma Aradun Shinjuku, da sunan wata unguwar Tokyo.

Sai dai Aradu ya kwana biyu bai faɗo a kan kowa ba. Shekaru ke nan babu inda ake jin wannan murya sai a tallar maganin basir, inda yake cewa "Sauƙi ya zo!" Shi ya sa da aka kira shi aikin Ubugane ya ce, a'a, ashe ƙasar ta dawo hayyacinta.

Ubugane wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe ne da aka tono a ƙarƙashin tsohuwar maƙabarta, a wani sabon shirin talabijin mai ban tsoro. Yana yaƙi da dodanni, amma duk yarinyar da ta shiga ta tuƙa shi sai ya ɗan ci wani abu daga ranta. Ba ya magana, gurnani kawai yake yi, kuma a kan wannan gurnanin shirin ya dogara. Mai kula da sautin shirin, Kuramochi-san, ta gaya masa cikin ladabi cewa idan muryar mutum ba ta tayar da tsigar jiki ba, kamfani zai haɗa gurnanin da na'ura. Ma'ana dai, ko Sensei ya tsorata jama'a, ko ya koma wa basir.

"Na'ura?" in ji shi, yana kiran sunanta yadda ake kiran na ƙasa. "Kuramochi-kun, na'ura ta taɓa ganin mutuwa? Ni na gan ta. Ita ta fara kawar da kai."

Ya tafi kan dutse ya yi shiri. Ya tsaya ƙarƙashin ruwan da ke kwararowa yana ihu, bayan ya tabbatar mai ɗaukar hoto ya iso. Ya dawo da mura da kuma sabon ilimi: wai mai ƙoshi ba ya iya ba da tsoro.

To, ɗakin ɗaukar murya yana da ƙa'idarsa, kowa ya sani. Mutum goma sha wani abu ne ke rabon makirufo uku, wannan ya matso ya faɗi nasa, ya zame, wancan ya shigo, ba a jin ko takun ƙafa. Ba a sa rigar da ke ƙara. Kuma kafin a shiga, kowa sai ya jefa dunƙulen shinkafa ɗaya a cikinsa don kada ya yi ƙugi, saboda makirufon nan ba ya rufa wa kowa asiri. Ranar ɗauka, wata sabuwar 'yar wasa mai suna Chizuru, wadda ke yin muryar matuƙiyar, ta miƙo masa nasa da hannu biyu tana sunkuyawa.

Sensei ya dubi shinkafar kamar an miƙo masa mushen ɓera.

"Tun shekaranjiya ban sa komai a bakina ba," ya ce, yadda har na bakin ƙofa za su ji. "Ku ci, yara. Ku muryar mutane za ku yi. Ni kabari zan buɗe."

Aka kunna jar fitila, alamar an fara ɗauka. Sensei ya ware ƙafa, ya cika ƙirji, ya saki abin da ya kwaso daga kan dutse. Kai, an sha ƙara! Gilashin da ya raba su da masu na'ura ya girgiza, jijiyoyin wuya suka miƙe, gyale ya kwance. Tsoro ne dai bai samu halarta ba. Abin ya fi kama da mai gida ya taka ƙusa a banɗaki.

"Ya yi kyau ƙwarai, Sensei," in ji Kuramochi-san daga bayan gilashi. "A ƙara ɗaya, don ajiya."

Duk ɗakin sun san fassarar wannan magana, ban da mutum ɗaya. Aka yi ta ƙara ɗaya don ajiya har ajiya ta cika ta batse. Daga ƙarshe Kuramochi-san ta ce a wuce wurin da yarinya ke zaune ita kaɗai cikin duhun ƙirjin Ubugane, tana sauraro. Nan ba a son komai sai numfashin Chizuru. Ɗaki ya yi tsit.

A cikin wannan shirun ne abin ya taso. Ya faro can ƙasa, a hankali, ya yi ta mirginawa, ya ja dogo, ya lanƙwasa, ya ƙare da wani ɗan kuka mai ban tausayi kamar ana kiran mutum daga cikin rijiya. Chizuru ta ƙame, numfashinta ya sarƙe da gaske. Sauran duk suka dubi takalmansu, don tarbiyya ba ta yarda a san daga inda ya fito ba.

Sensei ya juyo a fusace. "Wani a cikinku bai girmama wannan ɗaki ba. Ba zan kama suna ba."

Bayan gilashi kuwa, Kuramochi-san tana shafa hannunta inda tsiga ta tashi. Ta tambayi mai na'ura, "Ka ɗauka?" Ya ce ya ɗauka.

Da shirin ya fita, gari ya ɗauka. Yara suka ƙi shiga banɗaki su kaɗai. Iyaye suka yi ta bugo waya suna ƙorafi, su ma ba su fasa kallo ba. Sensei ya saurari gurnanin a gidansa, ya gyaɗa kai, ya ce lallai bai san ya kai haka ba. Ya zaga gidajen rediyo yana bayani: "Wannan sauti ba a koyon sa. Shekara talatin na wahala ne suka taru suka yi magana."

Sai aka shirya taron masoya shirin a wani babban zaure. Sensei, da yake yanzu abin duniya ya samu, ya fara biyawa ta kantin gasasshen kifi ya share kwano biyu da shinkafa. Ya hau dandamali, jama'a suka roƙi gurnanin Ubugane, iyaye suka riƙe 'ya'yansu. Ya ware ƙafa ya saki. Ba wanda ya ko razana. Can wata 'yar ƙaramar yarinya a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Mama, mai maganin basir ne!" Zaure ya kece da dariya.

Washegari ya dira ofishin Kuramochi-san yana huci, wai an lalata masa makirufo. Ta tashi ta sunkuya, ta ba shi kujera, ta kunna masa ainihin abin da aka ɗauka: ga shirun, ga gurnanin, ga kuma muryarsa a bayansa tana cewa wani bai girmama ɗaki ba. Aradun Shinjuku ya sunkuya ya dubi cikinsa.

"Kamfani na so a ci gaba da shirin," ta ce a hankali. "Mun gwada na'ura, mun gwada tumbin mutum shida. Babu kamar naka, Sensei. Baiwa ce."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta ceci rana. Sensei ya gyara gyale, ya ce dama ya daɗe da sanin cewa fasaharsa ta fi ƙarfin gaɓa ɗaya.

Yanzu duk ranar ɗauka za ka gan shi ya iso da wuri, ba karin kumallo, an kuma gargaɗi kowa kada a kuskura a ba shi ko alewa. An ware masa makirufo nasa shi kaɗai, abin da ba a taɓa yi wa wani ba, yana kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya. Abin da ba ya faɗa shi ne tsayin makirufon, wanda aka sauke daidai cibiya. Yakan tsaya a gabansa, ƙirji a buɗe, wuya a naɗe da siliki, ya fara yi wa yara jawabi a kan sirrin murya. Sai jar fitila ta kama, a ji Kuramochi-san daga bayan gilashi:

"Sensei, a taimaka a rufe baki. Mai aikin zai fara."