Yadda Matattun Kalmomin Turanci Suka Hau Bene

Jama'a, ku taya ni murna, yau da safe na sake faɗawa ramin bakin layinmu, karo na uku ke nan a wata guda. Da farar riga kuma, wadda uwargida ta sha wahalar gogewa. Telan layinmu yana kallo daga shagonsa, ko tashi bai yi ba, sai cewa ya yi, "Maigida, yau dai ka fi rannan iya sauka."

Ramin nan kwalbati ne da ya rufta tun bara. Ni ba rigar ce damuwata ba. In damina ta faɗi ba a gyara shi ba, ruwan layin nan kaf gidana zai nufa, ga bangon ɗakin Inna, mahaifiyata, ya tsage har hannu na shiga. Wallahi tsoro nake ji.

Sau huɗu muna kai takarda ofishin masu gyaran hanya, da Turanci sassauƙa wanda ko ɗan aji uku zai gane. Shiru. Sai ƙanin matata, da yake masinja ne a can, ya ja ni gefe. "Yaya, laifinku ne," in ji shi. "Takardar da akawun da ke ƙasan bene ya gane, a teburinsa take mutuwa. Ya rubuta an gani, ya jefa kwali. Wadda bai gane ba ce yake turawa sama da gudu, don kada a ce bai sani ba."

Ai ban jira ya rufe baki ba, na zarce gidan Hedimasta, maƙwabcinmu da ya yi ritaya. Yana da wani ƙamus mai girman bulo, bangon ya cire, an ɗaure shi da roba. Shekara ashirin bawan Allahn nan yana zaman makokin kalmomin da Turawa suka daina faɗa, ba mai zuwa masa ta'aziyya.

"Mutanen nan ba su da amana," ya ce, yana lasar yatsa yana buɗe shafi. "Dubi welkin, sararin sama ke nan. Da ita mawaƙansu na da suke yi wa sama kirari, yau ka faɗe ta a titi a ɗauka atishawa ka yi. Ga eftsoons, wato jim kaɗan. Ga forsooth, ita ce haƙiƙa, amma da ta tsufa sai marubutansu suka mayar da ita ta gatse. Ƙane, ka ce in zuba?"

"Zuba, Malam, kada ka rage ko ɗaya!"

Ya kuwa zuba. Shafi biyu, ni da na kawo ƙarar ban tsinci komai ba sai sunan layinmu. Tela ya dangwala hannu yana cewa Allah ya sa dai ba shagonsa ya sayar ba.

Sauran labarin daga bakin masinja na ji. Akawu ya karanta, ya goge tabarau, ya sake karantawa, ya ce wannan ba ƙaramar magana ba ce, a hau da ita. A bene na ɗaya, Ranka Ya Daɗe Mai Jan Biro ya kulle ƙofa ya shiga bincike a waya. Ya kamo kalma ɗaya, guda bakwai suka taso masa, sai ya rubuta cewa ya goyi baya ɗari bisa ɗari. A bene na biyu ba a ma zauna da ita ba. Kwana biyu rak, takardarmu ta isa gaban Mai Girma Uban Tebura, mutumin da ko matarsa sai ta cika fom take ganinsa.

Ranar Laraba aka ce ga motar ofishin nan tafe. Kai, zo ka ga murna! Mata suka share layi, Tela ya saka rigar wani da bai zo karɓa ba, uwargida ta rangaɗa guɗa, ni har da 'yar rawa. Muka jeru a bakin rami kamar masu ɗaukar hoto. Motar ta tsaya can nesa, gilashi ya sauka kaɗan, aka tambaya wa ya rubuta takarda. Muka tura Hedimasta gaba muna tafi. Aka buɗe masa ƙofa, ya shiga da ƙamusinsa, suka juya. Ramin ko kallo bai samu ba.

Ashe Mai Girma ya ce tun da ya hau kujera bai taɓa ganin Turancin da ba mai iya kama shi da laifi a kansa ba sai wannan. Nan take aka naɗa maƙwabcinmu mai ba da shawara kan kalmomi, da ofis, da fanka, da labule. Dole a yaba musu, jama'a. Wa ya ce ba sa gane mai basira?

Jiya amsarmu ta iso, da tambari har uku, a rubutun da na sani. Kalma ɗaya aka ja wa layi: perendinate. Na tare Hedimasta a ƙofar gida, ya yi fes, har ƙamshi yake.

"Malam, yaushe za a fara aikin?"

"Kalmar nan tsohuwa ce ƙwarai," ya ce, "ma'anarta a ɗage abu zuwa jibi."

"Alhamdu lillahi! Jibi ke nan?"

"In jibin ya zo, sai a sake karanta takardar." Ya sunkuyar da kai. "Ƙane, kada ka ga laifina. A duk ƙamusin nan ita ce mai gaskiyar da suka yarda in saka."

Na dawo gida, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Na ce wa Inna ta koma ɗakina, ni in shimfiɗa tabarma a zaure. Ta saurari labarin tas, ta gyara zama a gindin bangonta.

"Ba inda za ni," ta ce. "Tunda sai abin da ya mutu suke hawa da shi bene, in bangon ya danne ni ka kai ni can, ƙila a ga layinmu."