Sau Uku a Rana, Bayan Cin Abinci

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake. Tun hantsi nake layin mai da ɗan babur ɗina, rana ta gasa mini ƙeya, sai bayan azahar aka ce mu watse, mai ya ƙare. Alhali da idona na ga motar wani Ranka-ya-daɗe ta zagaya ta baya an cika mata ciki, har da jarkoki na guzuri. Kuma ba don yawon banza nake neman man ba. Maƙwabcina Lauwali mai tsire zan kai asibiti a duba masa ƙafa. Ƙarshe a amalanke muka tura shi kamar buhun albasa.

Bari in faro muku daga tushe. Lauwali mutumin Maradun ne. Gonarsa ta gado tana ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori, kifi ke kiwo a cikinta, shi ya sa ya dawo Talata Mafara ya kafa tukuba a bakin kasuwa. Bara ƙafafunsa suka fara damunsa. Yau ya ce tururuwa na yawo a ciki, gobe ya ce kamar an zuba masa barkono a tafi. Daga baya suka mutu murus, shi kuwa ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Wata Talata yana tsaye gaban tukuba ba takalmi ya ji ƙaurin nama. Ya juya tsire, ya sake juyawa, bai ga wanda ya ƙone ba, sai da wani mai saye ya daka masa tsawa: "Lauwali, garwashi hwa kat taka!"

Ana cikin jinyar ƙunar nan Allah ya kawo mana Mai Girma Garkuwan Marasa Lafiya. Kada ku nemi sarautar a fada, ni na naɗa shi. Ya zo ƙaddamar da rabon ƙwayar bitamin kyauta. An kafa rumfuna, an yanka shanu uku, manya suka ci har suna sassauta tazuge. Mu kuwa aka ba kowa ɗan ambulan mai ƙwaya ashirin da ɗaya, ta mako guda. A jiki an rubuta a sha sau uku a rana bayan cin abinci, har da zanen kwano uku saboda waɗanda ba su yi boko ba. Allah ya ƙara wa mai zanen basira, kwanukan ma cike ya zana su.

To Lauwali mutum ne mai bin doka. Gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya, tuwon dare. Kada ku ce ai mai tsire ne, don mai tsiren da ya ci jarinsa gobe tsinke zai gasa. Saboda haka ƙwaya ɗaya yake sha a rana, ta mako guda ta kai shi mako uku. Na raka shi karɓo wata wurin Malam Nasidi, malamin ɗakin shan magani. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya da kasuwa, Malam Nasidi ya buɗe rajista.

"Baba Lauwali, ta sati guda anka ba ka, ka yi uku. An sa sunanka cikin masu taurin kai."

"Malam, takarda ta ce bayan cin abinci. Ni kau sau guda ni ka ci. In yi ma takarda ƙarya?"

Malam Nasidi mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce ko ɗan koko ko fura aka sa wa ciki ya wadatar, don dai kada ƙwayar ta tarar da wayam ta tayar da zuciya. Ya ce kuma ƙwayar kaɗai ba za ta tayar da ƙafa ba. Sai Lauwali ya riƙa sa takalmi, ya wanke ƙafar, ya duba tafinta kullum tunda ta daina kai ƙara, kuma lallai a auna jininsa, don yana zargin ciwon suga.

"To a auna mana," in ji ni.

Ya nuna mini wani kwali a kan kabad, an ɗaure shi da koren ƙyalle. Kayan awon na ciki. Ba a buɗewa sai Mai Girma ya dawo ya yanka ƙyallen da hannunsa mai albarka.

Aka mayar da sunan Lauwali cikin masu karɓar ƙwaya bisa sharaɗin sau uku. Koko ma sai da gero, don haka matarsa Tabawa ta samo dabara. Ta ɗauki zare ta yanka malmalarsa ta dare kashi uku, ya ci ɗaya, a ajiye ɗaya na safe, ɗaya na rana. "In ƙidaya su ka so, ga ta nan," in ji ta. Kafin mako biyu duk unguwarmu an koya, don kowa na tsoron a kira shi mai taurin kai. Da masu bincike suka zo da farar mota suna tambaya gida-gida sau nawa ake shan ƙwaya, kuma bayan abinci ne, kowa ya ce uku, bayan abinci. Ba wanda ya yi ƙarya.

Yau da muka isa babban asibiti likita ya kwance tsumman da ke ƙafar, ya sa aka ɗebi jini. Suga ne, ya daɗe yana cin sa. Ya ce da an gano shi wata huɗu da suka wuce da ba haka ba. Yanzu yatsu biyu sai an cire, in an yi sa'a a tsira da sauran ƙafar. Mutumin da sana'arsa tsayuwa ce tun safe har magariba, da baki bakwai a gida.

Muna zaune a benci muna jiran takarda, rediyon mai gadi na magana, sai ga muryar Garkuwa. Yana yi wa duniya albishir cewa bincike ya tabbatar talakawan yankinmu, daga Bakura har Maradun, yanzu sau uku suke cin abinci a rana. Wallahi na miƙe ban san inda zan nufa ba. Lauwali ya jawo rigata.

"Zamna, Yari. Kai dai ka ce ma likkita kar shi ɓata allurar kashe zahi kaina, shi aje ma wani. Ni ba ni jin komi."

Ban ɓoye muku ba, hawaye na yi a gaban mutane.

Da na huce sai na yi tunanin in an tashi rabon kujerun mulki in kai sunan Lauwali, tunda na lura rashin jin zafi ake dubawa. Sai dai na san ba za a ɗauke shi ba, don shi mutuwar jikin tasa iya idon sawu ta tsaya.