Sarakuna Biyu a Fuskata

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara cin abinci a gidan su Chundung a unguwar Congo-Russia ba. Lokacin ba mu yi aure ba, ina dai nema. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, don haka maganar gidan tana hannun yayanta Pam, wani ƙaton mutum mai dariya kamar tsawa, wanda ke safarar dankalin Turawa zuwa kudu. Tun ana saura kwanaki ta gargaɗe ni: in Yaya Pam bai saki jiki da mutum ba, Mama ma ba za ta saki ba.

Sai ta ƙara da abin da ya faranta min rai. Wai duk Asabar bayan abincin rana Yaya Pam yakan tara mutane a falo su buga poka, wani wasan karta na Turawa. Ba da kuɗi ba (Mama 'yar zumuntar matan coci ce, wa ya isa?), da marafen kwalba ake yi, wanda nasa suka fara ƙarewa shi ne mai wanke kwanuka.

To ni fa a lokacin ji nake ni malamin poka ne. Ban taɓa bugawa da mutum ido da ido ba, a waya na koya, amma na kalli bidiyo har idona ya yi ja. Wasan ba wuya: a ba kowa kati biyu a ɓoye, a riƙa shimfiɗa wasu a tsakiya har su kai biyar, kowa yana zubawa gwargwadon yadda ya yarda da abin da ke hannunsa. Wanda ya tsorata ya ajiye.

Na tambaye ta, "Yaya yake wasa?"

"Kamar direban tifa. Ko katin ba ya dubawa sosai, zubawa kawai yake."

Na yi murmushin manya, na karanta mata darasi. Na ce in kana riƙe da kati mai ƙarfi, abokin karawarka kuma mai ganganci ne, kada ka ɗaga, kada ka nuna zumuɗi. Ka yi lamɓo kamar mai shakka, kana bin sa a hankali, shi da kansa zai kwaso duk abin da yake da shi ya dire a gabanka. Sharaɗi ɗaya ne: kada fuskarka ta tona maka asiri. Saboda wannan sharaɗin na biya ta kasuwar Terminus na sayi baƙin tabarau mai ƙyalli, irin na direbobin keke.

Ranar an wuni ana yayyafi, falon da ɗan duhu, sai aka kunna ƙwan lantarki. Muka sha gwate mai zafi, aka kwashe kwanuka, Yaya Pam ya juye marafen kwalba a tebur. Mu huɗu ne: shi, ni, Chundung, da maƙwabcinsu Malam Sani tela. Ina zama na zaro tabarau na maƙala.

Yaya Pam ya dube ni. "Oga, ciwon ido kake?"

"A'a, Yaya. Haka ƙwararru suke yi."

"To! Yau mun samu ƙwararre."

Matsala ɗaya, da tabarau ɗin ba na gani sosai, dole in ɗago katin har kusa da hancina in ƙura masa ido. Ina yin haka na farko sai suka dubi juna. Malam Sani ya kama tari, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na ce a raina tsoro ya fara shigarsu. Chundung ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta sake takawa, tana shafa idonta. (Na ɗauka soyayya ce. Na taka mata ni ma.)

Dabarata kuwa ta yi aiki kamar a bidiyo. Duk sanda na samu kati mai kyau, in yi ajiyar zuciya, in girgiza kai, Yaya Pam ya yi ta zubo marafe, in kwashe. Tsibina yana girma, kaina ma yana girma. Har na fara ba Malam Sani shawara.

Sai aka raba, na ɗago: sarakuna biyu. Aka shimfiɗa na tsakiya, ga sarki na uku. Nan take na tsuke baki na yi tsaki.

"Kai, wannan hannun bai yi ba," na ce. "Amma bari in bi ka, Yaya, don girmamawa."

Ya zuba, na bi. Ya ƙara, na sosa ƙeya, na sake ɗago katin kamar mai tunanin ajiyewa, na bi. Daidai nan Mama ta shigo da tiren shayi. Ta tsaya bayan Yaya Pam, ta sunkuyo tana kallona, ta gyara nata gilashin.

"Ɗana," ta ce da muryarta mai sanyi, "su wane ne waɗannan masu gemu biyu a idonka? Ɗaya ja, ɗaya baƙi, har da hula."

Ban gane ba da farko. Na cire tabarau ɗin na juyo shi, sai ga fuskata tana kallona tar, da fankar sama, da ƙwan lantarki, da labule. Madubi na sa a fuska na wuni ina haska katina.

Malam Sani ya sulale ƙasa daga kujera. Chundung ta rufe fuska da gyale. Yaya Pam ya yi dariya har shayin ya fara zuba.

Da ƙyar na iya cewa, "Tun yaushe?"

"Tun hannun farko, oga."

"To me ya sa kake ta zubawa?"

"Kai baƙo ne. Ranar farko in tura ka wanke-wanke? Mama ta kashe ni." Ya share hawaye. "Kuma wannan ajiyar zuciyar taka, wallahi ko a coci ban taɓa ganin wasan kwaikwayo irinta ba. Na so in ga ƙarshensa."

Ashe duk tsibin da nake taƙama da shi sadaka ce. Na so ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya tura sauran marafensa gaba ɗaya tsakiya, ya buɗe katinsa: bakwai da biyu, ba su haɗu da komai ba. Na ci. Ban taɓa cin abin da ya ɗaure min wuya irin wannan ba.

Ya miƙe yana naɗe hannun riga zai tafi kicin. Na rasa inda zan sa kaina, sai na bi shi. Yana wankewa ina ɗaurayewa, yana fashewa da dariya jefi-jefi, har ya gaji ya fara tambayata aikina da mutanen gidanmu. Kafin mu kife tukunya ta ƙarshe ya ce in turo manya.

Yau 'ya'yanmu sun fara makaranta, amma a gidan har yanzu Oga Madubi ake kirana, jikokin Mama ma sun ɗauka sunan yanka ne. Abin da na koya kaɗan ne: wanda kake yi wa kallon mai ganganci, wani lokacin kara kawai yake maka. Kuma kafin ka sa wani abu don ɓoye fuskarka, ka juyo shi ka ga abin da mutane za su gani.